Yadda Ake Ƙiyasta Abin da Tsirrai Ke Samarwa a Shekara, Daga Hoton Tauraron Ɗan'adam Zuwa Lauje da Sikeli

Duk ganyen da ya sha hasken rana yana zuƙo iskar kabon, ya haɗa ta da ruwan da saiwa ta jawo, ya mayar da su sukari, kuma daga wannan sukari ake samun kara da ƙwaya da itace. Masana suna auna wannan aiki da ma'auni biyu. GPP shi ne jimillar kabon da ganye ya kama, NPP kuma shi ne abin da ya saura bayan tsiron ya ƙone wani kaso wajen numfashinsa, kamar yadda ɗan kasuwa ke raba cinikin yini da ribar da ta rage bayan ya fitar da kuɗin ɗawainiya. Binciken da Christopher Field da abokan aikinsa suka wallafa a 1998 ya ƙiyasta NPP na doron ƙasa, ban da teku, a kan kusan tan biliyan 56 na kabon a shekara, wani kuma da Christian Beer ya jagoranta a 2010 ya sa GPP a kan kusan tan biliyan 123. Tsarin lissafi ne ya fitar da waɗannan alƙaluma, kuma irin wannan tsarin ɗalibi a Sakkwato zai iya gudanar da shi a kwamfutarsa a kan ƙaramar hukuma guda.

Bayanin nan na ɗalibin labarin ƙasa ne ko na aikin gona da zai rubuta kundin digiri, da jami'in gandun daji ko na kiwo da aka tambaya ko ciyawar bana za ta kai dabbobi bazara. An gina waɗannan tsare-tsare domin duniya baki ɗaya, kuma tashoshin da aka gwada su a kai sun fi yawa a Turai da Amurka, saboda haka taswirar da suka ba ka a kan Gwadabawa ko Tangaza zato ce har sai ka auna ta da abin da ka yanko a fili.

Hanyar da za mu bi ta samo asali daga John Monteith, wanda ya nuna a 1972 cewa girman tsiro yana tafiya daidai da yawan hasken da ganyensa ya tare. Ga ƙa'idar:

GPP = haske mai amfani × kason da ganye ya tare × ƙimar juyawa × ragin sanyi × ragin ƙishirwa

Duk aikin da ke gabanmu neman waɗannan abubuwa biyar ne, ɗaya bayan ɗaya.

Kayan aiki

Kwamfutar tafi-da-gidanka ta yau da kullum ta isa, tare da manhajar QGIS, wadda kyauta ce, da Excel ko makamanciyarsa. Ka buɗe asusun Earthdata na hukumar NASA, domin da shi ake shiga AppEEARS, shafin da ke yanko maka hoton yankinka kaɗai maimakon ka sauke babban fayil da zai cinye maka data. Wanda ya ɗan iya rubuta umarnin kwamfuta ya yi rajista da Google Earth Engine, inda lissafin ke gudana a kan na'urorinsu, kai dai sakamako kake saukewa. A inda wuta da intanet ba su da tabbas wannan babban sauƙi ne.

Bayanan da za ka tara su ne: MOD15A2H don kason hasken da ganye ya tare, wanda na'urar MODIS da ke kan tauraron ɗan'adam na NASA ke bayarwa duk kwana 8 tun shekarar 2000, hotunan tauraron Sentinel-2 masu ɗigo mai faɗin mita 10 idan ƙananan gonaki kake nazari, hasken rana da zafi da laima daga NASA POWER, ruwan sama daga CHIRPS, wanda ya faro daga 1981, ko daga tashar NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, idan ka samu, sai taswirar rufin ƙasa ta ESA WorldCover ta 2021. Ka sauke MOD17A3HGF shi ma, wato NPP na shekara da NASA ta riga ta lissafa, domin kwatantawa a ƙarshe.

Na fita fili kuwa: firam mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya, wanda mai walda zai haɗa maka da rodi, ko ka haɗa da bututun roba, lauje ko almakashin lambu, jakunkunan takarda ko na atamfa, sikelin da ke nuna giram ɗaya-ɗaya, igiyar awo, wayar da ke nuna lambobin wuri, da littafi mai bango mai ƙarfi.

Mataki na 1: Iyakance wuri da lokaci

Ka zana iyakar yankinka a QGIS, ka mayar da ita tsarin awo na mita, wato UTM. Birnin Sakkwato da yammacin jiha suna cikin shiyyar UTM ta 31 ta arewa, amma abin da ya haura digiri 6 na gabas, kamar Isa da Sabon Birni, ya faɗa shiyya ta 32. Wanda ya lissafa faɗin fili alhali taswirarsa tana kan digiri zai sami lambar da ba ta da ma'ana. Game da lokaci, shawarata ka fara shekararka daga Mayu ka rufe a Afrilu, domin damina ɗaya da noman ranin da ya biyo ta su zauna cikin lissafi guda, kada Janairu ya raba maka albasar fadama gida biyu.

Mataki na 2: Yi lissafin Miami a takarda kafin ka taɓa hoto

Helmut Lieth ya gabatar da wannan tsari a wani taro a birnin Miami a 1971, kuma har yau babu abin da ya fi shi saurin nuna wa mai koyo inda amsarsa ya kamata ta faɗa. Abu biyu kawai yake nema, matsakaicin zafin shekara da ruwan shekara:

Na zafi = 3000 ÷ (1 + EXP(1.315 − 0.119 × zafi))
Na ruwa = 3000 × (1 − EXP(−0.000664 × ruwa))

EXP umarni ne da ke cikin Excel. Zafi a ma'aunin Salshiyas, ruwa a milimita, amsa kuma giram na busasshen tsiro a murabba'in mita a shekara. Ƙaramar amsar ake ɗauka, domin abin da ya fi ƙaranci shi ke tsayar da girma. Idan muka sa wa Sakkwato zafi 28 da ruwa milimita 650, na zafi zai ba da kusan 2,650, na ruwa kusan 1,050. Idan ruwan ya sauka zuwa 500 amsar ta koma kusan 850, idan ya hau 800 ta kai kusan 1,240. Zafi ya ba da damar ninki biyu da rabi na abin da ruwa ya yarda a samu, wato a ƙasar nan ruwa ne ke hukunci, kuma duk kuskuren da ka yi wajen ruwa zai fi kowane kuskure tsada.

Ba haka abin yake ko'ina ba. Binciken Ramakrishna Nemani da abokansa na 2003 ya nuna ruwa ne ke tauye tsiro a kusan kashi 40 cikin 100 na ƙasar da ke da tsirrai, sanyi a kashi 33, kamar dazukan Kanada da Rasha, ƙarancin haske a kashi 27, kamar dazukan Amazon da Kwango inda gajimare ke rufe rana. Tsohon teburin Whittaker da Likens shi ma yana taimaka wa ido: kurmin yankin zafi kusan giram 2,200, ƙasar ciyawa da bishiyoyi jefi-jefi 900, gonaki 650, hamada mai ɗan tsiro 90. Idan lissafinka na ƙarshe ya ba wa tudun Illela abin da ya kai na kurmi, ka san akwai inda ka zame.

Amsar Miami iyaka ce ta abin da yanayi zai iya bayarwa, har da saiwa, kuma ba ta san jigawa ko fako ko kiwo ba. Kada a kai ta rahoto a matsayin ciyawar da ke ƙasa.

Mataki na 3: Raba ƙasar gida-gida

Ka ɗora WorldCover a kan iyakarka ka fitar da gona, ciyawa, ƙananan itatuwa, bishiyoyi, ruwa, gari da fako. Sannan ka yi abin da taswirar ba za ta yi maka ba: ka raba tudu da fadama da hannunka, ta bin kwarin Rima da na gulbin Sakkwato, da filayen ban-ruwa na ƙasan madatsar Goronyo da na Wurno. Dalili shi ne tsiron fadama yana shan ruwan da ba daga saman kansa ya sauko ba, don haka ragin ƙishirwar da ya dace da tudu zai zalunce shi.

Taswirorin duniya suna yawan rikita saura da makiyaya da gonar hatsi, domin daga sama dukkansu kore ne a Agusta, fari a Maris. Ka zaɓi wurare kamar talatin da ka sani da ƙafarka ka duba abin da taswirar ta kira su. Idan ta ɓata fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, gara ka haɗa gona da saura aji ɗaya da ka riƙe rabuwar da ba gaskiya ba.

Mataki na 4: Hasken rana

A NASA POWER ka sa lambobin wurinka, ga birnin Sakkwato kusan 13.0 arewa da 5.2 gabas, ka sauke hasken da ke isowa ƙasa na kullum. Ka duba ma'aunin da ya zo da shi: idan kilowat-awa ne a murabba'in mita, ka ninka da 3.6 ya koma megajul. Sannan ka ninka da 0.45, domin kusan kashi 45 cikin 100 na hasken ne ganye ke iya aiki da shi. Lamba ɗaya ta isa ƙaramar hukuma guda, tunda bayanan na yanki mai faɗin gaske ne, kuma haske ba ya bambanta sosai tsakanin Kware da Wamakko. Idan zafin rana da na dare kawai kake da su daga tasha, akwai dabarar Hargreaves a littafin FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mai lamba 56 na 1998, wadda ke ƙiyasta haske daga tazarar da ke tsakaninsu.

Mataki na 5: Kason hasken da ganye ya tare

Nan ne aikin yake, kuma nan mafi yawan masu koyo ke ɓata lissafi. Lamba ce tsakanin 0 da 1: sifili fako ne, kusa da ɗaya rufaffen kurmi.

Idan MOD15A2H ka ɗauko, lambobin suna zuwa daga 0 zuwa 100, sai ka ninka da 0.01. Kafin ka ninka, ka share duk lambar da ta kama daga 249 zuwa 255, domin alamomi ne na ruwa, gari, fako ko rashin bayani. Wanda ya manta ya share su zai ga unguwannin tsakiyar birni sun fi fadamar Wurno tsiro, tunda 250 ta koma 2.5. Bayan haka ka buɗe shafin inganci da ke tare da fayil ɗin ka jefar da ranakun gajimare. Matsalar ita ce gajimaren ya fi yawa a Yuli da Agusta, daidai lokacin da tsiro ke kan ganiyarsa, don haka idan ka zana layin shekara za ka ga ya hau, ya faɗi warwas a mako guda, ya sake hawa. Hatsi ba ya bushewa ya farfaɗo cikin kwana takwas. Ka cike irin wannan rami da matsakaicin makon baya da na gaba. Idan ramukan sun yi yawa, ka ɗauki lamba mafi girma ta kowane wata, domin gajimare da ƙura ƙasa suke jan lambar, ba sa ɗaga ta. Ƙurar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu tana yin irin wannan ɓarnar, kuma mai nazarin noman rani ne ta fi shafa.

Kowane ɗigon hoton MODIS ana ce masa mita 500, amma ainihinsa kusan mita 463 ne, wato fili mai kusan hekta 21. A ƙasarmu hekta 21 tana iya ƙunsar gonaki goma sha, da burtali, da kududdufi, da rabin ƙauye. Idan hakan bai yi maka ba, ka koma Sentinel-2 ka lissafa NDVI, ma'aunin koren ganye, daga shafukan hoton biyu, B4 na jan haske da B8 na hasken da ido ba ya gani wanda ganye ke mayarwa:

NDVI = (B8 − B4) ÷ (B8 + B4)

Hotunan da aka sarrafa daga ƙarshen Janairun 2022 an ƙara wa lambobinsu 1,000, sai an cire kafin lissafi. A Earth Engine akwai tarin da aka riga aka daidaita, shi za ka zaɓa. Daga nan ka nemi NDVI na fakon yankinka a watan Afrilu, da na wuri mafi duhun kore a ƙarshen Agusta, ka shimfiɗa sauran a tsakaninsu:

Kaso = 0.95 × (NDVI − na fako) ÷ (na duhun kore − na fako)

Yashin Sakkwato ba ya ba da sifili ko da babu ko tsinke a kansa. Yakan zauna tsakanin 0.1 da 0.2. Idan ba ka cire wannan ba, tsarin zai riƙa ƙirga maka tsiro a kan tsirarar ƙasa wata takwas, ga rana mai ƙarfi tana ninka kuskuren, har jimillar rani ta yi gogayya da ta damina.

Amma kada ka share duk koren rani da sunan kuskure. Gawo yana zubar da ganye da damina ya tofo da rani, don haka gonar da ke da gawo da yawa za ta nuna ɗan kore a Janairu, kuma gaskiya ne. Haka dogonyaron cikin gari da na bakin hanya. Ka kalli hoton da idonka kafin ka yanke hukunci.

Mataki na 6: Ragin sanyi da ragin ƙishirwa

Ragin sanyi an yi shi ne domin ƙasashen da dare ke daskarewa. A Sakkwato ka sa masa 1, wato babu ragi, ka wuce.

Ragin ƙishirwa kuwa sai an zauna masa. Tsarin MOD17, wanda Steven Running da abokansa a Jami'ar Montana suka gina, yana amfani da bushewar iska: idan iska ta bushe, ganye yana rufe ƙofofinsa don kada ya yi asarar ruwa, kabon ma sai ya daina shiga. Ana lissafa ta haka, a ma'aunin kilofaskal:

Bushewa = 0.6108 × EXP(17.27 × zafi ÷ (zafi + 237.3)) × (1 − laima ÷ 100)

Ranar Agusta mai zafi 30 da laima 70 tana ba da kusan 1.3. Ranar Afrilu mai zafi 40 da laima 15 tana ba da fiye da 6. A tsarin, ga yawancin ajin tsirrai, ragin yana kan 1 muddin bushewar ba ta wuce 0.65 ba, daga nan ya riƙa sauka a miƙe har ya kai sifili a wata iyaka da ta bambanta daga aji zuwa aji. Iyakokin suna cikin teburin littafin jagorar MOD17. Ka yi amfani da zafi da laimar rana, domin da dare ganye ba ya aiki.

Raunin wannan hanya shi ne ba ta duba ƙasa. Idan ruwa ya ɗauke kwana goma sha biyar a tsakiyar Yuli, iska tana iya zama da laima alhali hatsi ya naɗe ganye a jigawa, sai tsarin ya ɗauka komai lafiya. A fadama kuma akasin haka ne: iskar Fabrairu ta bushe ƙarau, amma albasa da alkama suna shan ban-ruwa. Saboda haka ni na fi son ma'aunin da ke duba ruwan jikin ganyen kansa, wato LSWI, wanda ke haɗa B8 da shafin B11 na Sentinel-2:

LSWI = (B8 − B11) ÷ (B8 + B11)
Ragin ƙishirwa = (1 + LSWI) ÷ (1 + LSWI mafi girma na wannan wuri a shekarar)

Idan hotuna masu kyau sun yi ƙaranci, ka raba ruwan da CHIRPS ya nuna na kwana talatin da suka wuce da ruwan da rana za ta iya ƙafarwa a wannan lokaci, ka tsayar da amsar kada ta wuce 1. Wannan ta tudu ce kaɗai. Hanya ɗaya za ka zaɓa daga cikin ukun. Wanda ya ninka biyu a jere ya hukunta tsiron sau biyu kan laifi guda.

Mataki na 7: Ƙimar juyawa, sannan a ninka

Ƙimar juyawa ita ce giram nawa na kabon ganye ke samu daga megajul ɗaya na hasken da ya tare idan babu abin da ya dame shi. A teburin MOD17 tana tsakanin kusan 0.8 da 1.3, gwargwadon ajin tsiro. Akwai tarko a nan: wani tsarin lissafin, CASA na 1993, yana amfani da 0.389, amma tasa tana ba da NPP ne kai tsaye. Wanda ya ɗauki lambar CASA ya sake raba amsar biyu ya rage numfashi sau biyu.

Teburin bai bambanta tsirrai masu tsarin C4 da masu C3 ba, wato hanyoyi biyu da ganye ke bi wajen kama kabon. Hatsi, dawa, masara, gamba, kyasuwa da ƙarangiya duk C4 ne, kuma a zafi irin namu sun fi wake, gyaɗa, shinkafa da bishiyoyi cin moriyar haske. Gwaje-gwajen da aka yi da tashoshin auna kabon na yankin Sahel, irin su Dahra a Senegal da Demokeya a Sudan, sun nuna MOD17 yana gazawa ƙasa da abin da aka auna. Ka fara da lambar tebur, ka bar awon fili ya gyara ta daga baya.

Ga misali da lambobin da na zaɓa don koyarwa. Ranar Agusta haske megajul 20, sau 0.45 ya zama 9. Kason ganye 0.5, abin da aka tare 4.5. Ƙimar juyawa 1.0, ragin ƙishirwa 0.9, GPP ya zama kusan giram 4 na kabon a murabba'in mita a rana. Ka ninka da kwanakin zangon, wato kwana 8 na MODIS, ka tara zangunan shekara duka. Zangon ƙarshe na Disamba a MODIS kwana 5 ne ko 6, ba 8 ba. Ka yi wannan da hannu a kan ɗigo ɗaya a Excel kafin ka saki kwamfuta a kan taswirar duka, domin idan amsoshin biyu suka saɓa za ka san umarnin ne ke da matsala.

Mataki na 8: Daga GPP zuwa abin da ake iya aunawa

Tsiro yana ƙone kusan rabin abin da ya kama, don haka mai farawa ya ninka GPP da 0.5 ya sami NPP. Kabon kuma kusan kashi 47 cikin 100 ne na busasshen tsiro, sai a raba da 0.47. Giram ɗaya a murabba'in mita daidai yake da kilo 10 a hekta. A misalinmu giram 4 ya koma 2, ya koma kusan giram 4.3 na busasshen tsiro, wato kilo 43 a hekta a rana. Ka rubuta ma'auni a kan kowane ginshiƙi da sunan kowane fayil, domin rikita kabon da busasshen nauyi kaɗai yana ninka amsa ko ya raba ta biyu.

Mataki na 9: Fita fili

Lokacinsa ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba, sa'ad da ciyawa ta gama girma amma ba ta fara zubar da iri ba, kuma ba a saki dabbobi cikin gonaki ba. Ka fara da gaisuwa wurin mai gari, ka nemi izinin mai gona, ka gaya masa abin da za ka yanka da abin da za ka bar masa. Dajin da mutanen gari suka ce kada a shiga, kada ka shiga. Ka nemi wani mai kama da shi.

Ka zaɓi wurare masu kama ɗaya a faɗinsu, wasu masu duhun tsiro, wasu matsakaita, wasu masu ƙaranci, domin idan duk wuraren masu kyau ne ba za ka iya gane ko tsarin yana bin bambanci ba. A kowane wuri ka ja layi, ka ajiye firam a tazarar da ka ƙayyade tun kafin ka iso, misali duk taku ashirin. Inda ya faɗa nan za ka yanka, ko da fako ne, kuma sifilin ma a rubuta shi. Hannu yana son kai firam inda ciyawa ta fi kyau, kuma wannan shi ne kuskuren da ya fi lalata awon fili. Firam goma a wuri guda shi ne mafi ƙarancin da zan amince da shi.

Ka yanke komai daidai ƙasa, ka karkaɗe yashi, ka auna ɗanyen nauyi nan take. Ba sai ka kwashi duka ba: ka ɗebi kamar giram 200 daga kowane wuri, ka auna, ka sa a jakar takarda da lambar wurin a jiki. Kada ka sa a leda, domin kafin ka kai gida ta yi gumi ta fara ruɓewa. A gonar hatsi ko dawa firam ya yi ƙanƙanta. Ka auna fili mita 5 sau 5, ka ƙirga gindi, ka yanke kaɗan daga ciki, ka auna zangarniya dabam, kara da ganye dabam, har da waken da aka shuka a tsakani.

A ɗakin gwaji ana busarwa a zafi 65 zuwa 70 har nauyin ya daina sauka, wanda yakan ɗauki kwana biyu zuwa uku. Idan babu na'urar busarwa, ka rataye jakunkunan atamfa a rana inda akuya da gara ba za su kai ba, ka riƙa aunawa kullum da la'asar har kwana biyu a jere su ba da lamba ɗaya, kuma ka faɗa a rahoto cewa busarwar rana ce, domin takan bar ɗan danshi.

Abin da ka yanka na sama ne kawai. Saiwa tana ƙasa, abin da shanu suka ci tun Yuli ya tafi, haka wanda fara da gara suka ɗauka da wanda masu yankan ciyawa suka kai kasuwa. Don haka dole awonka ya gaza NPP na tsarin. Inda hali ya yi, ka killace ɗan fili da ƙaya tun farkon damina. Akwai kuma ma'aunin Henri Le Houérou na makiyayun busassun ƙasashe, kusan kilo 4 na busasshen tsiron sama a hekta kan kowace milimita ta ruwa. A ruwa 650 ke nan kusan kilo 2,600. Idan awonka ya ninka wannan sau uku a kan tudu, ka sake duba sikelin ko busarwar.

Mataki na 10: Kwatanta, gyara, rubuta

Ka jera wurarenka a Excel, awon fili a gefe guda, amsar tsarin a ɗaya gefen, ka zana su. Tambaya ta farko ita ce ko suna hawa tare. Idan suna hawa tare amma tsarin yana ƙasa ko sama da kaso kusan ɗaya ko'ina, ƙimar juyawa za ka gyara. Idan ɗigogin sun watse babu tsari, matsalar tana mataki na 3 ko na 5, kuma canza ƙimar ba zai amfane ka ba. Ka ware kashi ɗaya cikin uku na wuraren kada su shiga gyaran, ka gwada gyararren tsarin a kansu. Daga nan ka ɗora taswirarka kusa da MOD17A3HGF, wanda ake ninkawa da 0.0001 ya ba da kilo na kabon a murabba'in mita bayan an share lambobin da suka haura 32,760, da kuma NPP na shafin WaPOR na hukumar FAO, wanda aka yi musamman domin Afirka da Gabas ta Tsakiya.

Mai son faɗaɗa aikin zuwa Afirka ta Yamma ko duniya zai bi matakan nan ne, sai dai kowane aji da ƙimarsa, ragin sanyi ya dawo aiki, kuma idan taswirar tana kan digiri dole a auna faɗin kowane ɗigo, tunda suna ƙanƙancewa yayin da ake nisa da layin ikwaita da ya raba duniya arewa da kudu.

Idan don kiwo aka sa ka aikin, ka tuna saniya mai kilo 250 ana lissafa mata kilo 6.25 na busasshen abinci a rana, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na tsiron sama ne ake ɗauka dabba za ta samu, sauran tattakewa da wuta da gara ne. Filin da tafasa ta mamaye yana fitowa kore shar a hoto alhali shanu ba su damu da ita ba, don haka ka rubuta irin ciyawar kowane wuri tun a fili. A rahoton ka faɗi shekarar, da sigar bayanan da ka sauke, da ƙimar juyawar da ka tsaya a kai, da hanyar ragin ƙishirwar da ka zaɓa, da yawan wuraren da ka yanka, sannan ka ba da amsar a matsayin tazara daga ƙasa zuwa sama, tudu dabam, fadama dabam.